Fulawata mai saukowa ƙasa tana motsewa duk da ina ba ta ruwa, me ke damunta?

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Wata biyu kenan da aka ba ni wata fulawa mai saukowa ƙasa, ganyenta ƙwallo-ƙwallo kore kamar ƙwayoyin carbi, an ce min sunanta Senecio rowleyanus. Na rataye ta a falo can sama kusa da silin saboda yara, ina ba ta ruwa sau biyu a sati. Yanzu ƙwallayen sun fara motsewa suna zubowa, saman tukunyar ya zama fili, igiyoyin kuma daga can gindi sun koma ruwan ƙasa sun sirance. Na ƙara mata ruwa amma kamar ƙara lalata ta nake yi. Ruwa ne bai ishe ta ba ko taki take so?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. In na fahimce ki da kyau abu uku ne ke faruwa a lokaci guda, ganye na motsewa yana zuba, saman tukunya ya yi sanƙo, sannan igiyoyin suna mutuwa daga gindi inda suka fito daga ƙasa. Wannan na ukun shi ya fi ja min hankali, don shukar da ƙishirwa ke damunta ba daga nan take fara mutuwa ba. Toh tun kafin in yi nisa, ki dakatar da ban ruwan nan daga yau, taki kuma kar ki ma fara, ba yunwa take ji ba. Abin da nake zato, kuma shi na fi gani in an kawo min irin wannan ƙorafin, saiwarta ce ta ruɓe saboda ƙasar ba ta taɓa samun sararin bushewa ba, kuma wurin da kika rataye ta ya ƙara taimaka wa ruɓewar. In dai akwai sauran igiyoyi masu ƙwari ko da guda uku ne, za a iya tayar da ita sabuwa in sha Allah. Amma bari mu bi abin a hankali, don in kin gane yadda jikinta ke aiki ba sai kin riƙa tambayar kowa ranar da za ki ba ta ruwa ba.

Yadda take rayuwa a inda ta fito

Sunan da aka gaya miki daidai ne. Wani masani Hermann Jacobsen ne ya rubuta ta da shi a 1968, ya sa mata sunan Gordon Rowley, mutumin Ingila da ya shahara wajen nazarin shuke-shuke masu tara ruwa a jiki. Daga baya masana suka sauya mata rukuni, yanzu za ki fi ganin Curio rowleyanus, don haka in kina bincike a intanet kika ci karo da sunaye biyun kar ki rikice, shuka ɗaya ce. Asalinta busassun yankunan ƙasar Afirka ta Kudu ne, kuma ga abin da yawancin masu sayenta ba su sani ba: a can ba lilo take yi ba sam. Rarrafe take yi a ƙasa, tsakanin duwatsu da ƙarƙashin ƙananan itatuwa inda rana ba ta dukanta kai tsaye duk yini, kuma duk inda gaɓar igiyarta ta taɓa ƙasa sai ta saki saiwa a wurin, har ta shimfiɗe wuri guda. Kinga kenan igiya ɗaya tana da wuraren shan ruwa da yawa, in wani ya lalace saura na nan.

Mu kuma da muka rataye ta a tukunya mun juya mata tsarin gaba ɗaya. Igiyar da kan kai santimita 60 zuwa 90 tana reto a iska, duk rayuwarta ta rataya a kan ɗan wurin nan guda ɗaya da ta shiga ƙasa, wurin da bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. In wurin ya ruɓe, shikenan, duk abin da ke ƙasa da shi ya yanke da ruwa ko da tukunyar cike take da shi. Wannan ne ya sa nake gaya wa mutane su daina kallon jelar da ke saukowa kawai, lafiyar shukar nan a saman tukunya ake karanta ta.

Ganyen kuma rumbun ruwa ne. Kowane ƙwallo faɗinsa kamar milimita 6 ne, kuma siffar ƙwallo ita ce ke ɗaukar ruwa mafi yawa da fata mafi ƙanƙanta, sai ya zama ruwan ba ya saurin tsiyayewa cikin iska. Ki tsinko guda ɗaya ki ɗaga shi saitin haske, za ki ga wani siririn layi mai duhu-duhu ya ratsa gefensa, in haske ya bi ta bayansa sai ki ga kamar ana iya gani ta cikinsa. Taga ce, ta nan haske ke shiga har cikin ganyen. Bayan haka irin waɗannan shuke-shuken da dare suke buɗe ƙofofin numfashinsu su rufe da rana, duk dabarar tattalin ruwa ce. Saiwarta kuwa 'yan siraruwa ne kamar gashi kuma ba sa nisa cikin ƙasa. Shukar da aka halitta haka, ruwa sau biyu a sati a cikin ɗaki ya wuce abin da za ta iya shanyewa nesa ba kusa ba.

Me ya sa motsewa ke ruɗa mutane

Nan ne tarkon yake, kuma ba ke kaɗai ya kama ba. Saiwa ma numfashi take yi, tana buƙatar iskar da ke cikin ƙananan kafofin ƙasa. In ƙasa ta zauna sharkaf kwana da kwanaki ruwa zai cike kafofin nan, saiwa ta shaƙe ta fara mutuwa, sai ƙwayoyin cutar da ke son danshi irin su Pythium da Fusarium su samu ƙofa su ƙarasa ta. Saiwar da ta mutu ba ta jan ruwa, shukar sai ta koma cin ajiyar da ke cikin ganyenta, ganye ya motse. Mai shuka ya duba ya ga motsewa ya ce ai ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ruɓewa ta ƙara hawa sama. Abin da kika ce kin lura da shi kenan, kuma idonki bai yi miki ƙarya ba.

Bambance su ba wuya in kin san inda za ki duba. Mai jin ƙishirwa, ƙasarta a bushe take ƙayau, tukunyar ba nauyi, ganyen ya ɗan lotsa ya rage sheƙi amma yana nan kore kuma in kin matsa shi ba ya fashewa, igiyar ma kore ce har gindi, kuma in kika shayar da ita sosai cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ki ga ƙwallayen sun ciko. Mai ruɓewa kuwa ƙasarta da sanyi da nauyi, wani lokaci har da ɗan wari na tsami, ganyen da ke kusa da ƙasa ya yi rawaya-rawaya ko ya yi ruwa-ruwa, kina taɓawa ya fashe a yatsa, igiyar ta yi baƙi ko ruwan ƙasa a gindi, in kin ɗan ja ta sai ta biyo hannunki ba ko gardama.

Akwai kuma wata hanya ta uku da ya kamata in ambata don ina ganinta jefi-jefi. Ƙasar da masu fulawa ke rainon shuka a ciki, baƙar nan mai laushi, in ta bushe ƙarau tana ƙin shan ruwa, tana janyewa daga jikin tukunya, sai ki zuba ruwa ya bi ta gefe ya fice ta ƙasa, tsakiya kuma a bushe. Mutum na ganin yana ban ruwa alhali shukar ba ta samu ko ɗigo ba. Ban tsammanin taki matsalar kenan tunda sau biyu a sati kike zubawa, amma ba abin da zai tabbatar sai an sauke tukunyar an duba.

Wurin da kika rataye ta

Kin yi daidai da kika nisanta ta daga yara, zan dawo kan wannan. Sai dai kusa da silin na ɗaya daga cikin wurare mafi duhu a ɗaki ga shuka, saboda hasken da ke shigowa ta taga gangarowa ƙasa yake yi, duk abin da ke sama da kan taga ba ya samun komai sai ragowa. Abin da ke faruwa sai jelar da ta sauko ta riƙa samun ɗan haske tana kyau a ido, saman tukunya kuma inda saiwa da sabon toho suke yana cikin duhu. Duhu yana rage yawan ruwan da shukar ke sha, yana kuma hana saman ƙasa bushewa, igiyoyin da ke kwance a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar su ne suke fara ruɓewa, shi ya sa kika ga saman ya zama fili. Ga shi kuma tana can sama ba kya iya leƙa ƙasar balle ki taɓa, ruwa kawai ake miƙa hannu a tuttula. Kuma da yawa daga tukwanen ratayewa suna zuwa da faranti manne a gindinsu ko ma ba su da huda kwata-kwata, ruwa na kwance a ciki ba wanda ya sani.

Abin da take so shi ne haske mai yawa ya sauka a kan saman tukunyar. Taga mai kallon gabas ita ce na fi so mata, ta sha ranar safe ta sa'a biyu zuwa uku sannan ta wuni cikin haske ba tare da rana ta gasa ta ba. Ta kasance dab da tagar, kar ta wuce mita ɗaya, don haske na raguwa da sauri sosai in ana nisa da taga, wurin da idonki ke gani fes ga shuka duhu ne. Ki saukar da ita yadda bakin tukunyar zai kasance saitin tsakiyar taga ko ƙasa da haka. In tagar yamma gare ki ki sa siririn labule, ranar la'asar ta bayan gilashi tana ƙona ganyen ya yi tabo-tabo, kuma tabon ba ya gogewa. Shukar da ta saba da duhu ba a fitar da ita rana lokaci guda, a hankali ake matso da ita cikin sati ɗaya zuwa biyu. Alamar ƙarancin haske kuma a bayyane take, tazarar da ke tsakanin ƙwallo da ƙwallo tana ƙaruwa, sababbin ganye suna fitowa ƙanana, igiya tana sirancewa. In ɗakin ba shi da taga mai kyau akwai fitilar shuka ta lantarki, a kunna mata kamar sa'a 12 a rana daga sama, tana aiki.

Abin da za ki yi mata yau

Ki sauke ta ki shimfiɗa jarida ko leda, ki tattara jelar a hankali gefe guda, ki kife tukunyar a tafin hannu ki zare ta da ƙasarta gaba ɗaya. Ki karkaɗe ƙasar ki duba saiwa. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara kuma tana da ɗan ƙwari, ruɓaɓɓiya kuma baƙa ce mai laushi, in kin murza sai ɓawonta ya saɓule. In kin tarar rabi ko fiye na da rai, ki yanke matattun da almakashin da kika goge da sifirit, ki bar ta ta sha iska a inuwa na yini guda, ki dasa a sabuwar ƙasa busasshiya, ki jira kamar kwana biyar zuwa sati kafin ki ba ta ruwa don raunukan su kame.

In kuma saiwar ta tafi, wanda daga bayaninki shi na fi zato, kar ki ɓata lokaci a kanta, ki koma kan igiyoyin. Ki bi kowace igiya daga bakinta kina hawowa har inda take kore mai ƙwari, ki yanke can nesa da wurin da ya canza launi, gara ki yi asarar ɗan lafiyayyen wuri da ki ɗauko cutar zuwa sabuwar tukunya. Ki yanyanka su tsawon santimita 8 zuwa 10, ki tsinke ƙwallaye uku ko huɗu na wajen gindin kowanne, ki ajiye su a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu bakin yankan ya bushe. Daga nan hanya biyu ce. Ko ki soka wurin da kika tsinke ganyen cikin ƙasa, ko ki kwantar da igiyar gaba ɗaya a kan ƙasar ki nannaɗe ta zagaye ki danne ta da fil ɗin gashi ko 'yar waya da kika lanƙwasa, yadda gaɓoɓin za su taɓa ƙasa sosai. Ni ta biyun nake bi, saboda ita ce ta yi kama da yadda take yi a daji, kowace gaɓa ta saki saiwarta, sai ki samu tukunya mai cikakken sama da wuraren shan ruwa da yawa maimakon guda. Ƙasar ta kasance da ɗan danshi kaɗan kawai, ki riƙa ɗan jiƙa samanta in ya bushe, a wuri mai haske da ba rana kai tsaye. Cikin sati biyu zuwa huɗu in kin ɗan taɓa igiyar za ki ji ta kama. Ana iya sa su a kofin ruwa ma su yi saiwa, yana yi, amma sai an sake dasa su kuma siraran saiwoyin nan suna karyewa wajen dashen, ban ga ribar zagayen ba.

Tsohuwar ƙasar ki zubar, tukunyar kuma ki wanke ta da sabulu ta bushe in za ki sake amfani da ita.

Tukunya da ƙasa

Rabin matsalar ban ruwa a nan ake magance ta. Tukunya dole ta kasance da huda a ƙasa, wannan ba abin sasantawa ba ne. In kina son wata mai kyau mara huda don ado, ki dasa a ƙaramar tukunya mai huda ki zura ta ciki, ranar ban ruwa ki ciro ta ki shayar ta tsane sannan ki mayar. Kar ta yi girma kuma kar ta yi zurfi, tunda saiwar ba ta nisa, duk ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ruwa kawai take riƙewa. Tukunyar yumɓu wadda ba a shafe ta da fenti ba ta fi ta roba ga mai saurin hannu wajen ban ruwa, don jikinta na fitar da danshi. Ki cika ƙasar har kusan baki, ya rage kamar santimita ɗaya, in ta yi can ƙasa bakin tukunyar zai yi wa gindin shukar inuwa ya kuma tare iska.

Haɗin ƙasa kuma, ki nufi rabi ƙasar shuka rabi abu mai tsakuwa-tsakuwa. Abu mai tsakuwa zai iya zama fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi da masu fulawa ke haɗawa da ƙasa, waɗanda asalinsu dutsen aman wuta ne aka gasa ya kumbura, ko ƙananan tsakuwa, ko yashi mai manyan ƙwayoyi da aka wanke. Yashi mai laushi kar ki sa, toshe kafofin yake yi ƙasar ta daskare. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in jiƙa haɗin in dunƙula a hannu in buɗe, in ya warware ya yi, in ya zauna a dunƙule sai in ƙara tsakuwa.

Wani abu da ake yawan faɗa, wai a zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce. Ba ya aiki yadda ake zato. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga cikin tsakuwa sai ƙasar ta cika ta batse, don haka abin da tsakuwar ke yi kawai shi ne ta ɗago jiƙaƙƙen wurin sama kusa da saiwa. Tsakuwar a gauraya ta cikin ƙasar gaba ɗaya, nan take da amfani.

Ban ruwan kansa

Ba zan ba ki ranaku ba, don tukunya biyu a ɗaki biyu ba sa bushewa lokaci ɗaya. A mafi yawan ɗakuna abin kan faɗa tsakanin kwana goma zuwa sati biyu lokacin da take girma, lokacin sanyi kuma ya kai sati uku ko wata guda, amma wannan kusan-kusan ne kawai. Ki samu tsinken katako ki soka har gindin tukunya ki bar shi minti kaɗan ki zaro, in ya fito da ƙasa manne ko da sanyi a jikinsa ki bari tukuna. Ki riƙa ɗaga tukunyar ma, hannu na saurin koyon bambancin nauyin jiƙaƙƙiya da busasshiya. Sannan ki duba ƙwallayen, in suna cike tam suna sheƙi ba ta buƙatar komai ko da ƙasar ta bushe, in sun fara ɗan lotsawa lokaci ya yi.

In lokacin ya yi kuma ki shayar da ita sosai har ruwa ya fito ta huda, ki bari ta tsane tas, ki zubar da na cikin faranti. Ɗan yayyafi kullum shi ne mafi muni, saman ƙasa inda igiyoyi ke kwance ba ya bushewa, can ciki kuma ruwan bai kai ba. Feshin ruwa a ganye ma ba ta so. Ban ruwan da safe ya fi don saman ƙasar ya bushe kafin dare. In saman ya cika da ganye sosai har ba wurin zuba ruwa, ki tsoma gindin tukunyar a roba mai ruwa na minti goma zuwa sha biyar ta ja da kanta, wannan kuma shi ne maganin ƙasar nan da na ce tana ƙin shan ruwa. Gefe guda kuma kar a wuce gona da iri, siraran saiwoyinta ba sa jure a bar su wata da watanni a bushe kamar yadda manyan shuke-shuken hamada masu ƙaya ke jurewa.

Tana jin daɗi a zafi tsakanin digiri 21 zuwa 27, kar a bar ta inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10, ƙanƙara kuwa kashe ta take yi. In zafi ya tsananta sosai takan tsaya da girma ta yi kamar tana barci, a lokacin mutane ke tausaya mata su yi ta antaya ruwa, kuma zafi da laima da jiƙaƙƙiyar ƙasa in suka haɗu ruɓewa cikin kwanaki kaɗan take gamawa da ita. A irin lokacin inuwa da iska mai motsi take buƙata, ko fanka ce daga nesa. Kar dai ki sa ta saitin bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Taki sai ta warke ta fara sabon toho. Na ruwa, a tsarma shi ya zama rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a wata lokacin girma kawai, kuma a kan ƙasa mai danshi. In an cika mata taki tsawo kawai take yi ba ƙwari. In ta samu hutun sanyi-sanyi kamar digiri 13 zuwa 16 da ƙarancin ruwa takan yi fure, 'yan ƙanana farare masu ƙamshin kirfa, amma da yawa a cikin ɗaki ba sa yi kuma ba alamar ciwo ba ce.

Ƙwarin da suka fi damunta fararen nan ne masu kama da ɓurɓushin auduga, suna maƙalewa a inda ganye ya haɗu da igiya suna tsotsar ta. Ki dangwala sifirit da auduga ki bi su ɗaya-ɗaya, ki maimaita bayan sati don ƙwansu na ƙyanƙyashewa daga baya, ki kuma ware ta daga sauran shuke-shuke. Darɓa ma takan hau sabon toho. In kuma kina ganin ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga tukunya, su ba su ne cutar ba, suna gaya miki ne ƙasar ta daɗe a jiƙe.

Maganar yara

Shukar nan tana da guba daidai gwargwado. In yaro ko kyanwa ko kare ya ci tana iya sa amai da gudawa, ruwanta kuma yana sa wasu ƙaiƙayi a fata, don haka ki wanke hannu bayan kin gama yankan da na ce. Abin da ya ƙara haɗarin shi ne ƙwallayen suna ɗaukar idon ƙaramin yaro kuma suna zubowa ƙasa, sai ki riƙa share waɗanda suka faɗo. Tunda na ce ki saukar da ita, mafita ita ce tagar ɗakin da yara ba sa shiga, ko kanta a jikin taga da hannunsu ba ya kaiwa, ki kuma riƙa datse jelar kafin ta sauko inda za su iya ja, abin da kika datse ki mayar saman tukunya ya ƙara cika ta. In ya faru yaro ya haɗiya, a kai shi wurin likita a gaya masa sunan shukar.

In kin ga wannan ta cika miki rigima, akwai wasu masu saukowa irinta masu sauƙin hali. Curio radicans mai ganye dogaye a lanƙwashe ta fi ta saurin girma kuma ta fi haƙuri da kuskuren ban ruwa, sai dai ita ma a nisanta ta daga yara. Ceropegia woodii mai ganye siffar zuciya, wadda John Medley Wood na lambun tsirrai na Durban ya gano a 1881, tana jure haske mai ɗan sauƙi kuma tana fitar da wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin igiyarta da in kin ɗora su a kan ƙasa sai su tsiro. Sedum morganianum ta ƙasar Meksiko kuma ba a lissafa ta cikin masu guba, jelarta kauri gare ta da nauyi, matsalarta ɗaya ganyenta na zuba da an taɓa shi, amma kowane ganye da ya faɗi zai iya zama sabuwar shuka, farin garin da ke jikinta kuma kariya ce daga rana, ba a gogewa. Dukansu dai tsarin ɗaya ne, huda a tukunya, ƙasa mai tsakuwa, haske a saman tukunya.

Daga rubutu kaɗai ba zan iya yanke miki hukunci ɗari bisa ɗari ba, saiwar ce za ta faɗi gaskiya in kin zare ta. Kuma in kin tarar laushin ya bi igiyoyin har bakinsu, ba wani kore mai ƙwari da ya rage, toh wannan ba abin da zai dawo da ita, sai a nemi yanka daga wurin wanda ya ba ki a fara sabo. Ko lafiyayyiya ma bayan wasu shekaru takan tsufa ta fara yin fili a sama, shi ya sa masu riƙonta ke ajiye ƙaramar tukunya ta biyu da suka tayar daga yanka. In kin sauke ta ki ɗauki hoton saiwar da na saman tukunyar daga sama ki turo, daga nan zan gaya miki ko a dasa uwar ko a koma kan yanka kawai.